Tukunyar Japan Wayewa, Akushin Zango Ƙauyanci?



Makonni uku da suka wuce an yi suna a wani gida a unguwar Zango ta Faraku. Da aka shafa fatiha aka raba goro da dabino, sai aka fito da tire-tire na shinkafa da wake, mutane suka zazzauna biyar-biyar, shida-shida. Wani saurayi, ɗan aminina, wanda ya yi karatu a Japan ya dawo, ya tsaya gefe yana danna waya. Na ce, "Ɗana, matso mana." Ya ce, "Baba, na gode. A dai zuba mini nawa daban, a ba ni cokali. Ka san hannu da yawa a kwano ɗaya ba tsabta ba ne." Aka zuba masa. Na yi shiru, domin wurin biki ba wurin gardama ba ne.

Bayan kwana biyu sai ga shi ya ɗora hoto a Facebook: shi da abokansa biyar a can Japan, sun kewaye tukunya ɗaya tana tafasa a tsakiyar tebur, kowa ya miƙa hannu. Ya bi hoton da dogon rubutu da Faransanci, wai a nan ne ya gane ma'anar zumunci, wai ya kamata mu 'yan Afirka mu koyi haɗin kai daga Japanawa. Samarinmu suka yi ta jinjina masa, wannan ya ce wayewa, wancan ya ce ina ma mu ne.

Ba zan faɗi sunansa ba. Yaron kirki ne, kuma ciwon ba nasa ba ne shi kaɗai. Ya kama 'yan lakwal, ya kama alhazan birni, har wasu malamai bai bari ba. Ciwon kuwa shi ne, abin da muka gada ba ya yin daraja a idonmu sai mun gan shi a hannun baƙo.

Bari in fara da yi wa tukunyar adalci. Japanawa suna kiran wannan ci nabe, ma'anarsa tukunya. Abincin lokacin sanyi ne. Akan ɗora tukunyar ƙasa a kan ƙaramin murhu a tsakiyar tebur, a zuba romon da ake kira dashi, wanda ake yi da ganyen teku da busasshen kifi. Sai a jera kabeji da naman kaza da awara da kifi ko yankakken nama, masu ci su riƙa jefawa suna tsamowa da 'yan sanduna biyu. Iri-iri ne: akwai sukiyaki, akwai shabu-shabu, akwai canko wanda 'yan kokawar sumo ke ci. In an cinye kayan ciki, sai a zuba shinkafa ko taliya a sauran romon, kada komai ya tafi a banza. Har suna suke da shi na tsokana ga mutumin da ya cika ba da umarni a kan tukunya, suna ce masa hakimin tukunya. Suna kuma da karin magana a kan mutanen da suka ci shinkafar tukunya ɗaya, suna nufin aminan da wuya da daɗi suka haɗa. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya al'adar abincin Japan cikin kayan gadon duniya. Duk wannan abin yabo ne, ban da ja. Musulmi dai ya lura, domin sau da yawa akwai naman alade a ciki, kuma suna sa giyar shinkafa a romo.

To, don Allah wanne ne sabo a wurin Bahaushe? Zama a kewaye abinci ɗaya? Babba mai lura da rabon nama? Hana almubazzaranci da abin da ya rage? Mu da muke da suɗi da ƙanzo da ɗumame? Mu da in muna son nuna kusancinmu da mutum sai mu ce tare muka tashi, kwano ɗaya muka ci? Yaron nan ya ƙetare tekuna ya gano abin da ya tsallake a zauren ubansa.

Wanda ya san yadda aka yi Hausawa suka zo Faraku da Jugu ba zai raina kwanon tarayya ba. Kakanninmu fataken goro ne. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ya sauka Faraku ko unguwar Wangara ta Jugu, sannan ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. A 1826 Baturen Birtaniya Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu. Mutum dubu a daji, wata da watanni suna tafiya, wa ya ɗauko musu faranti dubu? Maigida da yaransa da ɗan alaro ƙwarya ɗaya suke sa wa hannu. In sun sauka, mai masauki ya fito da akushi tun kafin a kwance kaya a yi maganar ciniki. Kalmar zango kanta ma'anarta wurin da matafiya ke yada kaya su kwana. Da jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Faraku a 1936, garin ya zama inda ake sauke kayan Nijar a ɗora a mota zuwa Malanbil da Gaya da Yamai, sai aka sami sababbin baƙi, direbobi da 'yan dako da masu neman abin kai. Su ma akushin ne ya karɓe su. Babu gidan Bahaushe a garuruwan nan biyu da kakansa bai fara da cin tuwon wani ba. A wannan kwano ne kuma muka saba da Dandawa da Bargawa da Fulani da Yarabawa: muka koyi sakwara da wasa-wasa da wagashi, su kuma har yau suna kiran shinkafa da wake da sunan da ya fito daga waken Hausa. Wanda ya ce kwanon tarayya ƙauyanci ne, ya zagi abin da ya ba kakansa wurin zama.

Ta fuskar addini kuwa, ba zan ɗora wa shari'a abin da ba ta ce ba. Aya ta 61 a Suratun Nur ta ɗauke laifi daga mai ci cikin jama'a da mai ci shi kaɗai. Saboda haka wanda ya nemi farantinsa bai yi saɓo ba, kada wani ya kafirta kowa da rubutuna. Amma halas daban, abin da ya fi daban. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kuka suna ci ba sa ƙoshi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gano a rarrabe suke ci, ya umarce su da haɗuwa a kan abinci da ambaton sunan Allah don a sa musu albarka. Buhari da Muslim sun kawo yabon da ya yi wa Ash'ariyawa, waɗanda in guzuri ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai. Su ne kuma suka kawo labarin yaron nan Umar ɗan Abu Salama, wanda hannunsa ke yawo a cikin kwano, aka koya masa bisimilla da cin dama da cin gabansa. Ku lura, umarnin cin gaba ba shi da wurin aiki sai in akwai gaban wani a kwanon. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya wuce ta babin abinci da abin sha, ya san ladubban nan an gina su ne a kan mutane suna ci tare.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. A da, a Zangon Faraku da na Jugu, ana idar da sallar isha'i sai ka ga yara suna fitowa da kwanuka rufe da faifai, ana jerawa a ƙofar gidan dattijon layi. Wannan ita ce ciyayya. Gidan wane tuwon masara da miyar kuka, gidan wane sakwara, gidan wane ɗan wake. A buɗe ɗaya bayan ɗaya, attajiri da tela da ɗan dako da baƙon da ya kwana a masallaci duk su sa hannu. Mai nama ya ci na mai lami, mai lami ya ci na mai nama. Ranar da kwanon wani bai fito ba, ba mai tambaya. Shi ma zai zauna ya ci ya ƙoshi, a yi hira a watse. Amma dattawa sun gani. Kafin hantsi wani ya aika wa gidan da masara ta hannun tsohuwa, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi gori. Babban aikin ciyayya ke nan, rufin asiri.

Aikina ne riƙe takardun wani dattijo na al'ummarmu, shi ya sa nake ganin abin da ya maye gurbin wannan. Tun da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, gidaje da yawa da abincinsu ke kan hanyar Malanbil suka shiga wani hali. Da azumi ya zo aka tara abin da aka tara don a taimaka, sai Maigida ya ce in rubuta sunayen mabukata. Na zauna da alƙalami na rasa ta inda zan fara, don kowa ya shige gida ya ja ƙofa, ba a san wanda ya ɗora tukunya da wanda bai ɗora ba. Aka ce mai bukata ya zo ya ba da suna. Masu baki suka zo, masu kunya suka zauna. Daga baya muka ji wani magidanci mai mutunci, wanda muke sahu ɗaya da shi, ya kwana biyu shi da iyalinsa da ruwan koko. Maigida ya yi shiru, can ya ce, "Malam, da muna ciyayya da tun daren farko na sani." Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami yau, hoton yaron nan tuni ne kawai.

Haka abin yake a wajen sulhu. In an kawo rigimar gado ko ta bashi ko ta iyakar fili, ni nake rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu. Amma Maigida ba ya sallamar mutane sai an kawo abinci masu husumar sun ci tare. Wata rana wasu 'yan uwa biyu sun sa hannu lafiya, da aka ajiye kwano sai ƙanen ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙoshe nake." Da suka fita Maigida ya ce mini kada in kai takardar cikin akwati tukuna. Wata bai cika ba suka dawo. Mutum yana iya sa hannu a takarda zuciyarsa na tafasa, amma da wuya ya haɗa loma da wanda yake ƙulla wa sharri.

Kwanon nan kuma makaranta ce. A nan yaro ke koyon riƙe bakin kwano da hagu, da jiran babba ya fara, da barin nama sai an raba, da rage loma in ya ga abincin ba shi da yawa. A nan yake ganin babba ya tsame hannu da wuri don ƙanana su samu. A nan ake kama mai santi a yi masa dariya, ya koyi kame bakinsa. Yaron da ya tashi da farantinsa da wayarsa a ɗaki, yaushe zai san cewa cikin wani ma yana jin yunwa?

Me muka samu a madadin haka? 'Yar robar nan mai murfi a cikin leda. A je ɗaurin aure, a shafa fatiha, a miƙa wa kowa tasa, ya tsayar da ɗan zem ya yi gaba. Ba a zauna ba, ba a gaisa ba. Tire yana da wata baiwa: in an zuba na mutum shida, na bakwai ya zo, sai a gyara zama. Roba ba ta gyara zama. In an ƙirga ɗari biyu, mutum na ɗari biyu da ɗaya ya tafi da kunya, kuma galibi shi ne wanda ya fi kowa bukata. Roba ta kuma iya wariya: ta manya da cinyar kaza, ta sauran jama'a da tsoka ɗaya kamar ƙwayar goro, ana miƙawa ana duban riga. Gari ya waye kwalbatoci sun toshe da shara, alhali tun Disamban 2017 ƙasar nan ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa. Wai wannan ne ci gaba.

Na san amsar da za a ba ni, ita ce wadda yaron ya bayar: tsabta. Ba zan kauce mata ba, domin akwai gaskiya a ciki, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tukunyar Japanawa tana kan wuta, kowa yana da ɗan kwanon da yake tsamowa ya zuba, namu kuwa hannu ne kai tsaye. Kwalara da taifot da wani nau'in ciwon hanta suna bin hannun da ba a wanke ba. Kuma muna da mummunar ɗabi'a ɗaya da ya wajaba mu bari: kwanon wanke hannu guda, babba ya fara, a bi da bi, har ya iso kan ƙaramin yaro ruwan ya koma miya. Wannan ƙazanta ce, ba sunna ba ce, ba kuma ladabi ba ne. Maganinta buta da sabulu, a zuba wa kowa ruwa mai gudu. Mai mura ko gudawa ko ciwo a yatsa a zuba masa nasa, ba da wulaƙanci ba. In annoba ta shigo, kamar yadda korona ta shigo a Maris na 2020, a bi maganar likitoci har ta wuce. Yaron da bai daɗe da fara cin abinci ba a ba shi ɗan kwanonsa, domin hannunsa ba ya tsere da na yayyensa, uwa kuma ta ga abin da ya ci. Sannan mu maza mu ji tsoron Allah: ciyayyar da ake kwashe nama a kai waje a bar mata da yara da romo zalunci ce, ko da kakanni sun yi.

Amma a tsaya a nan. Sida ba ta bin kwano. Ciwon hanta nau'in B, wanda ake ware mutane saboda shi a gidajenmu, ta jini da saduwa da haihuwa yake bi, ba ta loma ba. Tarin fuka ta iska yake tafiya, mai faranti da mai tire duk ɗaya ne in ɗakin ba taga. Su kansu Japanawan, in iyali ne ko aminai, sau da yawa sandunan da suka kai baki su suke mayarwa cikin tukunya. Laifin da ke hannu a wanke hannu. Wanda rigarsa ta yi datti wanki yake kai ta, ba ya fita tsirara. Ina kuma zargin cewa a bakin wasu kalmar tsabta mayafi ce kawai. Abin da suke ƙyama shi ne gwiwarsu ta taɓa ta ɗan dako. In ba haka ba, me ya sa hannun abokin karatu a Tokyo bai zama abin tsoro ba, sai na maƙwabci a Zango?

Akwai kuma rabin labarin Japan da ba ya shiga hoto. Ƙasar da ake yi mana kwatance da ita tana kuka da kaɗaici. Suna da kalma ta musamman ga cin abinci mutum shi kaɗai, suna da wata ga mutumin da zai mutu a ɗaki a kwana da kwanaki ba a sani ba. Har nabe ɗin ma yanzu ana sayar da na mutum ɗaya. A 2005 suka yi dokar tarbiyyar cin abinci, gwamnati tana kwaɗaitar da iyali su riƙa ci tare. Daga 2012 masu sa kai suka fara buɗe wuraren ciyar da yara a unguwanni, don yaron da ba shi da abokin ci ya samu. A Fabrairun 2021 aka naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici, bayan Ingila ta riga su a 2018. Masu kuɗi da ilmi suna kashe dukiya su dawo da abin da muke zubarwa kyauta. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku dubi kuma Senegal: shinkafa da kifinsu, wadda suke ci a faffaɗan kwano ɗaya, ta shiga jerin UNESCO a 2021. Ba su ɓoye kwanonsu don kunya ba, sun ɗaga shi duniya ta gani.

Saboda haka ga roƙona. Dattawan kowane layi a Faraku da Jugu, daga Zango zuwa Madina zuwa Albarika, su dawo da ciyayya ko da daren Juma'a ne kawai, in kullum ya gagara. Mata su ma su tsayar da tasu, a kuma raba nama da adalci tun daga madafa. Masu biki su mayar da tire, roba ta zama ta wanda za a aika wa gida, tsoho ko majinyaci. A ajiye buta da sabulu a bakin tabarma, a jefar da kwanon wanke hannu na gayya. Limamai su taɓa wannan babi a wa'azi yadda suke taɓa sauran ladubba. Kowane magidanci ya sa wa kansa doka, sau ɗaya a yini shi da 'ya'yansa kwano ɗaya, waya a aljihu.

Kai kuma ɗana, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka san ba ƙiyayya ba ce. Abin da ka ji a zuciyarka a gaban tukunyar nan gaskiya ne, ba na musunsa. Ka yi kuskuren adireshi ne kawai. In kana so, nemo tukunyar ƙasa a kasuwar Arzeke, ka sayi kabeji da awara da naman halas, ka dafa mana irin nasu a zauren mahaifinka. Za mu zo, ni da Maigida, mu ci mu sa albarka, ko da sandunan sun gagare mu. Sharaɗi ɗaya ne: washegari in an fito da akushin tuwo, ka wanke hannu ka matso.

Allah Ya sa albarka a abincinmu, Ya rufa mana asiri, Ya haɗa kanmu a kan alheri. Wanda ya ga kuskure a maganata ya gyara mini, ilmi ba na mutum ɗaya ba ne. Wassalamu alaikum.